Burushin Baba a Jikin Kyankyaso

A shagon kayan masarufi Auta ta fara ganinsa, tana layin biya da sabulu da madarar yara a kwando. Matar da ke gabanta ta ɗora kwalin maganin ƙwari a kan teburin biya, an zana wani ƙaton kyankyaso a jiki, ya wuntsila yana shure-shure. Auta ba ta da wata harka da kyankyaso. Layin da aka zagaye shi da shi ne ya sa ta manta inda take: mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya gefen, da farar tsaga a tsakaninsu, sai wani gashi guda da ya fita daga sahu yana bin su a karkace. Ba ta san sa'ad da ta miƙa hannu ta ɗauki kwalin ba. Matar ta juyo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce akwai wasu a kanta ta uku idan tana so.

Ta koma ta ɗauko nata, ta biya, ta fito ta tsaya a inuwar shagon tana jujjuya shi. Babu tantama, burushin Baba ne.

Babanta mai rubutun allon shaguna ne, irin na da, da gwangwanin fenti da tsani. Yana da wani faffaɗan burushi da ya tsufa har gashin tsakiyarsa ya zube, amma ya ƙi rabuwa da shi, wai shi kaɗai ne ya san hannunsa. Da Allah ya yi masa rasuwa 'yan'uwa suka raba abin da za a raba, Auta ta ce ita burushin take so, aka yi ta yi mata dariya. Ta kai shi wurin aiki, ta tsoma a tawada, ta yi ta danna shi a farar takarda har ta samu tambari ɗaya da ya fito da tsagar da gashin nan mai taurin kai. Ta saka a sikana ta ɗauke hotonsa zuwa kwamfuta, ta goge dattin gefe, ta mayar da shi bakin burushi a manhajar da suke zane da ita, wadda kyauta ce, kowa na iya sauke ta har ya buɗe cikinta ya gyara. Wahalar ba a nan take ba. Sai da ta sha fama da tazarar da ke tsakanin tambari da tambari, don idan ta yi yawa layin ya fito kamar duwatsun ado a zare, idan ta yi kaɗan tsagar ta toshe. Ta sa bakin ya riƙa juyawa yana bin inda hannu ya nufa, ta daidaita shi da dannin alƙalami yadda idan ta sassauta sai fentin ya yi kamar yana ƙarewa. Ran da ta ja layi a allon zanenta ta ga hannun Baba ya fito, kifa kai ta yi a tebur ta yi kuka sosai.

Auta ba marowaciya ba ce, a faɗi gaskiya. Burusan gajimare da na ciyawa da na ruwan sama da ta haɗa duk ta ƙunshe su ta ɗora a dandalin masu amfani da manhajar, kowa ya ɗauka, tunda ita ma a can ta koyi rabin abin da ta sani. Amma na Baba daban ne. Mutum ɗaya ta taɓa ba shi a duniya, ita ce Likita.

Likita ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Sunan ya bi ta ne tun suna makaranta, saboda duk kwamfutar da ta kwanta ciwo wurinta ake kai wa, ta zare gilashin idonta ta hura masa iska, ta ce a ba ta wuri. Su biyu suka kama ɗaki a saman wani shagon ɗinki suna zana littattafan yara, tebur na kallon tebur, butar shayi ɗaya, Auta na jan layi Likita na zuba kala, wani lokaci su yi musanya idan aiki ya matse. Likita ce ta zauna da ita a asibiti lokacin jinyar Baba. Ita ce kuma ke ce mata ta tashi ta tafi gida idan idonta ya yi ja. Shi ya sa Auta ta kasa barin inuwar shagon nan. Burushi ya riga ya fita, wannan ta gani da idonta. Abin da take tsoro shi ne a ce Likita ce ta fitar da shi, don in haka ne to ba ta da ƙawa ke nan.

A can ƙasan kwalin, kusa da ƙafar kyankyason, mai zanen ya sa hannu da ƙananan haruffa, wani laƙabi irin na intanet. Ta haddace shi ba tare da ta yi niyya ba.

Ba ta nufi wurin aiki ba, gidan yayanta ta wuce. Yaya mutum ne da bai taɓa yarda da kowa ba, ko mai gyaran famfo ya zo sai ya tsaya a kansa har ya gama. Ya karɓi kwalin ya nesanta shi da ido, ya ce shi kam kyankyaso yake gani. Da ta nuna masa tsagar sai fuskarsa ta canza, don shi ma ya riƙe wa Baba tsani yana yaro. Ya tambaye ta mutum nawa ke da abin. Ta ce biyu. Ya ce to ke kika sayar? Ta ce Allah ya kiyaye. Ya buɗe hannuwa ya kalle ta, irin kallon da ke cewa sauran lissafin ai ba sai an yi maki ba. Ta fara kare Likita, tana cewa wataƙila an shigar masu kwamfuta ne, wataƙila wani ne ya kwaikwaya. Yaya ya ce wane ɓarawo ne zai shiga kwamfuta ya tsallake komai ya ɗauki gashin tsohon burushi? Sai wanda ya san darajarsa.

"Kada ki tambaye ta," in ji shi. "Kina tambaya za ta rantse, ke kuma kin san kanki, kina ganin hawaye kin sauka. Ki zuba mata ido tukuna."

Da ma ba ta je ba. Amma ta je, kuma maganar ta shige ta.

Washegari ta hau matakalar ofis kwalin na cikin jakarta, an naɗe shi a leda kamar abin kunya. Likita ta riga ta zuwa, ta dafa shayi, ta tarbe ta da tsokanar da ta saba, wai Auta sarkin latti an iso. Auta ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba. Ta zauna tana zanen littafin da ke hannunsu, labarin wata akuya da ta ƙi shiga mota, amma rabin idonta na kan teburin da ke gabanta.

To mai nema ai ba ya rasawa. Abubuwan da a da ba za ta ko lura da su ba, yanzu duk suka tsaya mata a wuya. Likita ta sayi sabon alƙalamin zane, daga ina? Likita ta fita baranda amsa waya, me ya hana ta amsawa a ciki? Ta ce ta gaji, me ta yi da ya gajiyar da ita? Har dariyarta sai Auta ta ji kamar ta yi yawa. Ta san ba ta kyautawa, ta kuma kasa dainawa.

Sai ga babban. Wata rana da hantsi ta taso ɗaukar siga, ta biyo ta bayan kujerar Likita, Likita ta yi wuf ta rufe wani shafi. Ba ta yi saurin da ya isa ba. Auta ta ga akwatin hira, ta ga doguwar magana, ta kuma ga laƙabin da ke samansa. Shi ne dai na ƙafar kyankyaso, harafi da harafi.

"Wa kike yi wa rubutu haka?" Ta yi ƙoƙari muryarta ta fito daidai.

"Wani ne kawai a dandali," in ji Likita, ba ta ɗago ba. Muryarta ta nuna ƙarya take yi, don Likita ba ta iya ƙarya ba tun fil'azal.

Auta ta koma ta zauna, ta zuba siga har ta manta ta zuba, ta ƙara. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da ya fi kama da ciwo. Da a lokacin ta fito da kwalin ta dangwara a tebur, da an yi ta ta ƙare. Amma maganar Yaya na kunnenta, ga shi kuma tana tsoron amsar. Sai ta zaɓi hanyar da ta ga kamar wayo ce.

Ta kwafi bakin burushin Baba, ta buɗe hoton ta faɗaɗa shi har kowane ɗigo ya zama ƙaton murabba'i. A gefen layin mai kauri ta ɗan gutsure wata 'yar kusurwa, ƙarama ƙwarai, wadda sai an ja layi an faɗaɗa sannan za a ga wani siririn zare fari yana bin gefen. Tana yi tana ji kamar tana yi wa Baba tabo a fuska. Dabarar ita ce ta ba Likita wannan a matsayin sabon gyara. Idan zaren nan ya bayyana a zanen mutumin, magana ta ƙare, babu rantsuwar da za ta yi aiki.

Auta na da wata al'ada tun ran da ta taɓa ajiye sabon baki a kan tsoho ta yi asarar aikin sati: kowane hoton baki sai ta raɗa masa suna ɓaro-ɓaro, yadda ko da barci a idonta ba za ta rikita su ba. Wannan kuwa ya fi kowanne haɗari, tunda shi da na gaskiya ido ba ya bambance su. Sai yatsunta suka rubuta abin da ke ranta, tarkon Likita, ta ajiye. A waje ta bar wa burushin sunansa na kullum, Baba, da ɗan hotonsa na kullum. Ta duba jerin burusai, komai lafiya lau.

Ta tura wa Likita, ta ce ta ɗan taɓa shi ne, yanzu ya fi santsi a lanƙwasa, ta goge tsohon ta riƙa amfani da wannan. Likita ta ce to, har da godiya. Godiyar nan ta daɗe tana damun Auta.

Daga nan sai jira. Ta gano shafin mutumin, kullum da safe kafin ta ɗora ruwan wankan yara sai ta leƙa, ta faɗaɗa duk sabon zanen da ya ɗora tana neman farin zare. Ya zana kaza, ya zana wani tsoho a kan keke, duk da burushin Baba, kuma abin haushi ya iya zane. Zare dai babu. Idan ba ta gani ba sai ta ji sanyi, can kuma ta ce ai bai kai gare shi ba ne tukuna. Yaya na bugo waya yana tambaya ko kifi ya ci ƙugiya. A ofis kuwa hira ta ragu, sai ƙarar kekunan ɗinki daga ƙasa. Likita ta tambaye ta ko maigidan ne, ko yaran, ta ce babu komai, gajiya ce.

Abin da Auta ta manta shi ne wa ta ɗana wa tarkon. Matar da ta shekara da shekaru tana zuba kala a cikin layukanta, tana faɗaɗa su har iyaka don kada kala ta tsallake, ita ce za a ɓoye wa farin zare?

Ranar da abin ya fashe Auta ta dawo daga kai wa mai buga littafin samfuri, ana yayyafi. Ta tarar da Likita zaune, ba ta zane, gilashinta a hannu, ta juyo da fuskar kwamfutarta tana kallon ƙofa. An buɗe wurin gyaran burushi, inda manhajar ke nuna cikin kowane burushi da saitinsa. Ga hoton bakin, ga sunansa a ƙasa da manyan haruffa.

Likita ta yi magana a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun da safe ta lura kunnen akuya na fitowa da wani farin zare, kala na zurarewa ta wurin. Ta ɗauka fayil ɗin ne ya lalace wajen turowa. Ta ce a ranta bari ta gyara shi shiru kafin Auta ta gani, don ta san yadda za ta ji idan burushin Baba ya samu rauni. Shi ne ta buɗe.

"Tarkon me, Auta?"

Auta ta ji kunya ta rufe ta, sai kunyar ta juye ta zama faɗa, kamar yadda takan yi wa mai gaskiya rabi. Ta zaro kwalin daga jaka ta yaye ledar ta ajiye a tsakaninsu. Ta ce mutum biyu ke da burushin nan. Ta ce ta ga sunan mutumin a kwamfutarta, ta ga yadda ta rufe shafi, ta ji ƙaryar da ta yi mata. Ta ce Babanta ne aka zagaye kyankyaso da shi.

Likita ta dubi kwalin, ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ita ta riga ta ganinsa, tun kafin a fara littafin akuya. Ta mayar da gilashinta, ta jawo kwamfutar, ta shiga dandalin, ta buɗe ƙunshin burusan da Auta ta ɗora kyauta. Ta sauke shi a gabanta, ta zaɓi burushin ciyawa, ta buɗe cikinsa. Manhajar na ba da damar a ɗora wa burushi baki na biyu, wanda ke cin na farko don layi ya yi kaushi. Likita ta danna wurin, ta janye hannunta.

Ga tsagar, ga gashin.

Sai a lokacin Auta ta tuna. Ciyawar ta ƙi yin bushi-bushi yadda take so, ta gwada baki iri-iri, a ƙarshe ta ɗora na Baba a baya ta rage ƙarfinsa, ciyawa ta yi kyau, ta manta. Shi kuwa ƙunshi ba ya barin komai a baya, duk bakin da burushi ya dogara da shi sai ya tafi da shi. Duk wanda ya sauke ciyawarta ya samu Baba a jerin bakunansa, kyauta. Da hannunta kuma ta zaɓi iznin da ya ce kowa ya yi amfani, ya canza, ya yi kasuwanci, ba sai ya tambaya ba.

Likita ta buɗe hirar da ta rufe ranar nan, ta ce ta karanta. Auta ta karanta a tsaye. Roƙo ne daga farko har ƙarshe. Likita na ba mutumin labarin wani tsoho mai tsani da gwangwanin fenti, tana cewa ta san izni ya ba shi dama, amma don girman Allah ya bari. Har ta ce za ta zauna ta haɗa masa wani burushin da zai maye gurbinsa. Mutumin ya amsa da ladabi, ya ce ya ji tausayi, amma ko ya bari ba shi kaɗai ba ne, ƙunshin ya yaɗu, an kwafe shi a wurare da dama.

Auta ta zauna a bakin tebur.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Don na san ki. Da kin ji ke kika sake shi, ba za ki yafe wa kanki ba. Na ce bari in gwada ko zan iya kashe wutar kafin ki gani." Likita ta rufe hirar. "Na yi kuskure, ya kamata in faɗa. Ke kuma me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Me Auta za ta ce, Yaya ne ya hana? Ita da Yaya wa ya san Likita? Ta fara ba da haƙuri, kalmomin na fitowa a hargitse, tana kuka tana cewa sharrin zuciya ne, ta rasa inda za ta sa kanta ne. Likita ta saurare ta har ta gama, ba ta katse ta ba. Ta ce zargin bai dame ta sosai ba, kowa na iya zargi idan ya ga abin da Auta ta gani. Da ta shigo ta zage ta tas, da yanzu sun shirya suna shan shayi. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne Auta ta zauna a wancan teburin, suna fuskantar juna, ta gutsure burushin ubanta, ta rubuta sunanta a jiki, ta miƙo mata tana murmushi, ita kuma ta ce na gode.

Ta tashi ta fara naɗe wayar allon zanenta. Ta ce littafin akuya alkawari ne, za ta ƙarasa nata shafukan daga gida ta turo, ba za ta bar mai bugawa yana jira ba. Bayan shi kuma sai a ga abin da Allah zai yi. Ta ɗauki kofinta daga cikin biyun da ke kan tire, ta zubar da sauran shayin, ta goge shi da gefen mayafi ta saka a jaka.

Auta ta rasa abin da za ta riƙe ta da shi, sai ta kama abin da ya rage mata. Ta ce ai sauran shafukan akwai layukan da Likita za ta ja, ba za su yi daidai da na baya ba idan da mai tabon ne. Bari ta turo mata na gaskiyar yanzu-yanzu, ainihin na Baba, wanda ba a taɓa ba. Har ta kai hannu kan kwamfutarta.

Likita ta rataya jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Bar shi, Auta," ta ce. "Na riga na sauke nawa daga dandali, kamar kowa."